Tarihin Fihirisa: Yadda Aka Daɗe Ana Raɗa Wa Ilimi Suna Domin Mai Nema Ya Same Shi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar waya ya rubuta "karatun Risala" ko "koyon lissafi" a injin bincike, sa'an nan ya tsaya ya dubi abin da aka jero masa tun daga na farko har zuwa na goma, lalle ya lura cewa akwai wani hukunci da aka riga aka yanke kafin zuwansa, wanda ya gabatar da darasin wane ya jinkirtar da na wane; kuma sau da yawa wanda aka gabatar ɗin bai fi sauran sani ba, abin da ya fi su da shi kawai shi ne ya iya raɗa wa darasinsa suna, ya ajiye shi a ƙarƙashin fannin da ya dace da shi, ya kuma rataya masa kalmomin da masu nema suka saba rubutawa. Yaran zamani suna ɗauka wannan aiki intanet ce ta zo da shi, har wasu sun mai da shi hanyar cin abinci, ana biyansu su gyara wa malamai sunayen darussansu. Alhali kuwa sana'a ce daɗaɗɗiya, wadda ta girmi injin ɗab'i, ta girmi ma takarda irin wadda muka sani, kuma malaman Musulunci suna da kaso babba a cikin gina ta. Na ga ya dace mu bi sawunta tun daga tushe, domin wanda ya san wahalar da magabata suka sha a kanta ba zai yi mata riƙon sakainar kashi ba.

A birnin Iskandariyya ta Masar, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, sa'ad da littattafai suka taru a babban ɗakin karatun sarakunan can har suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwar masu tsaronsu, wani mawaƙi Bagirke mai suna Kalimakus ya tsara sunayen marubuta a cikin naɗi 120 na irin takardar da Misirawa suke yi da wata ciyawar bakin Nilu. Ya kasa su bisa fanni, mawaƙa daban, masu falsafa daban, haka masu tarihi da likitoci da masu huɗuba, kuma a ƙarƙashin kowane suna ya kawo ɗan tarihin mai shi, da littattafansa, da kalmomin da kowane littafi ya fara da su, da adadin layukansa. Aikin ya salwanta, sai ɗan abin da wasu suka naƙalto daga gare shi.

Amma mutumin da ya fi cancanta a tsaya a kansa, a ganina, shi ne Abul Faraji Muhammadu ɗan Is'haƙa, wanda aka fi sani da Ibnun Nadimi. Shi ba alƙali ba ne, ba kuma limamin wata mazhaba ba. Warraƙi ne ɗan warraƙi a Bagadaza, watau mai kwafar littattafai da sayar da su, a birnin da marubucin tarihi Ya'aƙubi ya ce a zamaninsa kasuwar warraƙanta tana da shago fiye da 100. Mutumin da yake wuni a irin wannan shago, yana ganin wanda ya zo neman littafin da ya ji sunansa bai san mawallafinsa ba, da wanda ya san mawallafi ya manta sunan littafi, da wanda bai san ko ɗaya ba sai dai yana son wani abu a kan taurari ko gado, shi ne zai fi kowa sanin inda buƙata take. A shekara ta 377 bayan Hijira, daidai da 987 Miladiyya, ya fitar da littafinsa Alfihirist, wanda ya yi nufin ya ƙunshi sunan duk wani littafi da yake akwai da harshen Larabci, ko Balarabe ya wallafa shi ko an fassaro shi daga wata al'umma.

Ya kasa littafin maƙala goma, kowace maƙala ya sake raba ta fanni-fanni. Ya fara da harsunan al'ummai da rubuce-rubucensu da littattafan da aka saukar, har ya zo kan Alƙur'ani da ilminsa. Ya bi da malaman nahawu da lugga. Sai tarihi da nasaba. Sai waƙa da mawaƙa. Sai ilmin kalami. Sai fiƙihu da hadisi. Daga nan ya juya ga falsafa da ilmin mutanen da, irin su lissafi da likitanci. Sai hikayoyi da tatsuniyoyi da sihiri. Sai addinan wasu al'ummai har zuwa Hindu da Sin. Ya rufe da masu kimiyyar juya ƙarfe ya zama zinariya. Wanda ya dubi wannan jeri da idon basira zai ga tartibi ne na daraja, abin da ya fi girma a wurin Musulmi shi ne a gaba, abin da aka fi tuhuma shi ne a baya, amma duk da haka mawallafin bai jefar da kome waje ba, domin ya san aikinsa shiryar da mai nema ne.

Akwai abubuwa biyu a cikin aikin nan da suke burge ni fiye da yawan sunayen da ya tara. Na farko, da ya zo babin mawaƙa yana faɗin girman diwanin kowane mawaƙi da adadin waraƙa, sai ya tsaya ya bayyana wace irin waraƙa yake nufi, ya ce ita ce wadda ake kira Sulaimaniyya, mai layi 20 a kowane shafi. Da wannan ma'auni, wanda ya je sayen diwani aka miƙo masa rabinsa a matsayin cikakke zai gane. Na biyu, bai ɓoye aibin 'yan sana'arsa ba. Ya kawo labarin wani babban littafin waƙoƙi da ake dangantawa ga Is'haƙa Almausili, shahararren mawaƙin fadar Abbasiyawa, inda aka ruwaito daga ɗansa Hammadu cewa mahaifinsa bai wallafa shi ba, wani warraƙi ne da yake yi masa aiki ya harhaɗa shi bayan rasuwarsa ya liƙa masa sunan. Dalili a fili yake: littafin da yake ɗauke da babban suna ya fi saurin fita daga shago. Mai karatu ya riƙe wannan labari, domin za mu sake haɗuwa da jikokin warraƙin nan. Ibnun Nadimi yakan kuma faɗi littafin da ya gani da idonsa, da rubutun hannun wanda ya gan shi, inda kuwa saninsa ya tsaya yakan bar gurbi don na baya su cike. Da Tattar suka afka wa Bagadaza a 1258, da sauran musibun da suka ci ɗakunan karatu kafin nan da bayan nan, littattafai masu ɗimbin yawa sun tafi, yau ba abin da ya rage na shaidar an taɓa yin su sai layi ɗaya a cikin Alfihirist.

Shi warraƙi littattafai ya jera. Masu hikima kuma ilmin kansa suka zauna rarrabawa. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya yi Ihsa'ul Ulumi a fasali biyar, daga ilmin harshe zuwa manɗiƙi, zuwa lissafi da rassansa, zuwa ilmin ɗabi'a da na Ilahiyya, zuwa siyasa da fiƙihu da kalami, kuma daga cikin amfanin da ya ambata wa littafin har da cewa mai son shiga wani fanni ya san abin da zai tarar kafin ya shiga, a kuma iya tona asirin mai da'awar ilmin da ba shi da shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya auna fannoni da ma'aunin shari'a, ya ware farali ainihi da faralin kifaya, abin yabo da abin zargi, ya sa likitanci da lissafi cikin faralin kifaya saboda al'umma ba ta tsayuwa sai da su. Ibnu Haldun ya raba su gida biyu, na naƙali da na hankali. Kowace rarrabawa daga cikin waɗannan tana ɗauke da ra'ayin mai ita game da abin da ya kamata ɗalibi ya fara da shi da abin da zai iya bari, kuma ban san wani tsarin fannoni da aka taɓa yi a duniya wanda ya kuɓuta daga wannan ba.

Da littattafai suka ƙara yawa, sai ga shi fanni kaɗai bai isa ya kai mutum ga abin da yake nema ba. A Istanbul, Haji Halifa, wanda ya rasu a 1657, ya shafe kimanin shekara 20 yana bin shagunan littattafai da ɗakunan karatu, ya tara sunan littafi wajen 14,500 a cikin Kashfuz Zununi, tare da bayanin fannoni fiye da 300. Hikimarsa ita ce ya jera su bisa haruffan sunan littafi, sa'an nan a ƙarƙashin kowane matani ya kawo sharhohinsa da hashiyoyinsa da waɗanda suka taƙaita shi ko suka mai da shi waƙe, har mai nema ya ga zuriyar littafi gaba ɗaya a wuri guda.

To, mu a nan ƙasar Hausa, a ina ɗalibi yake duba fihirisa in yana neman malami? Fihirisarmu a bakin mutane take. Almajirai masu yawon neman karatu, da fatake, da alhazan da suka bi ta ƙasa, su ne suke ɗauke da labarin wane gari ya shahara da wane fanni. Mai son haddar Alƙur'ani a ce masa ya nufi gabas, ƙasar Barno. Mai son nahawu da lugga a nuna masa Zariya. Mai son Muhtasar in ya shiga Kano a ce ya tambayi Madabo. Malamai ma da fanninsu ake kiransu, a ce wane ai mafiƙihi ne, wane kuwa ba a kama ƙafarsa a lugga. Littattafan kuma suna da matakala wadda kowa ya sani ba tare da an rubuta ta a bango ba: a fiƙihu daga Ƙawa'idi sai Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, sai Askari, kafin a kai ga Muhtasar, a nahawu daga Ajurumiyya ake tashi har a kai Alfiyya. Saboda haka idan baƙo ya yi sallama a zaure da gafakarsa, ya sami malam a kan buzu ɗalibai sun kewaye shi kowa da littafinsa, bayan an gaisa tambaya uku ce take jiransa: me ka karanta, a wurin wa, ina ka tsaya? Da amsar nan malam zai san inda zai ɗora shi, in kuwa ya ga abin da yake nema ba nasa ba ne, sai ya ce, "Malam, wannan sai ka je wurin wane a unguwa kaza, shi ne ma'abucin wannan fanni." Wannan tura ɗalibi ga wanda ya fi cancanta, ba tare da kishi ba, shi ne abin da ya riƙe tsarin.

Akwai kuma al'adar da malaman zaure suka gada, wadda har yau masu kiyaye usulubi ba su bari ba. Ranar da za a buɗe sabon fanni, kafin a ja baƙin layin farko, malam yakan gabatar da mabadi'ai goma, waɗanda Shaihu Sabban, malamin Masar na ƙarni na 18, ya tara a cikin 'yan baitoci da ɗalibai suke haddacewa. Zai faɗi haddin fannin, watau iyakar da ta raba shi da waninsa, da maudu'insa, da amfanin da ake samu a cikinsa, da falalarsa, da dangantakarsa da sauran fannoni, da wanda ya fara assasa shi, da sunansa, da inda ake tsamo shi, da hukuncin koyonsa a shari'a, da mas'alolin da yake bincike a kansu. Ɗalibin da ya ji wannan ya san ƙofar da ya tsaya a gabanta tun bai taka dokinta ba.

Wani lokaci kuma fihirisar bakan takan sauka a takarda. A shekara ta 1227 Hijiriyya, daidai da 1812, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka a wurin kowanne. Ya faɗi cewa mahaifinsa ne ya karantar da shi Alƙur'ani, yana ɗan shekara 13 ya koma hannun wansa Shehu Usmanu, wanda ya biya masa Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya da littattafan tauhidi na Sanusi da Ajurumiyya da Ahalari da Risala da wasunsu. Ya ci gaba da ambaton sauran shaihunansa har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ɗan ƙaramin littafi ne, amma da shi masu tarihi suke sanin abin da ake karantawa a wannan ƙasa kafin jihadi, kuma ya haɗa abu uku da ba su rabuwa a wurin magabatanmu: sunan littafi, da fanninsa, da wanda aka ji shi daga bakinsa.

Tsarin da ɗakunan karatu na boko suka fi bi daga Amurka ya fito. A 1876 wani saurayi mai suna Melvil Dewey, ma'aikacin ɗakin karatu a kwalejin Amherst, ya buga ɗan littafi mai shafi 44 wanda ya kasa ilmi duka gida goma, kowane gida ya kasu goma, kowanne kuma ya sake kasuwa goma, har kowane littafi ya sami lamba da za a rubuta a bayansa. Dabara ce mai sauƙi, shi ya sa ta ci duniya. Amma ta zo da idon mai ita: a cikin gidan addini, daga lamba 200 zuwa 299, Baibul da Kiristanci sun kwashe daga 220 har 289, sauran addinan duniya duka aka cusa su a goman ƙarshe, Musulunci da tafsirinsa da hadisinsa da fiƙihunsa da tasawwufinsa aka ba shi lamba guda, 297. Larabci da Hausa su ma suna can cikin gidan da aka kira na sauran harsuna. Dole ta sa ɗakunan karatu a ƙasashen Musulmi suka yi wa tsarin kwaskwarima don ya ɗauki littattafansu. Ban kawo wannan don zargin mutumin da ya yi wa ɗakin karatun kwalejinsu aiki ba. Na kawo shi ne don a ga cewa duk al'ummar da ta bar wa wani aikin rarraba ilminta, a lungun da ya ga dama zai ajiye ta.

A Beljiyam, daga 1895, Paul Otlet da Henri La Fontaine suka ɗauki burin Ibnun Nadimi suka faɗaɗa shi ga duniya duka, suka tara katin bayani fiye da miliyan 12 a cikin akwatuna, har mutum yana iya aiko da tambaya ta gidan waya, ya biya, ma'aikata su kwafo masa katunan da suka shafi buƙatarsa. A Indiya kuma wani malamin lissafi da ya koma aikin ɗakin karatu a Madras, Ranganathan, ya gano lahanin ajiye kowane littafi a rami ɗaya. A tsarin da ya fitar a 1933 ya ce a siffanta littafi ta fuskoki da dama, abin da yake magana a kai, da aikin da ake yi, da wuri, da zamani, sa'an nan a haɗa su. Littafin da ya yi magana a kan noman gero a ƙasar Damagaram a ƙarni na 19 na manoma ne, na masu tarihi ne, kuma na masu nazarin ƙasa ne, kowannensu yana da haƙƙin ya same shi ta ƙofarsa. Wannan ra'ayi shi ne kakan alamomin da ake rataya wa darussa a intanet yau.

Intanet ta maimaita wannan tarihi duka cikin shekara 20. A 1994 wasu ɗalibai biyu a jami'ar Stanford suka fara Yahoo, wadda asalinta jeri ne na shafuka bisa fanni, mutane ne suke zama su duba kowane shafi su sa shi a gidansa. Yawan shafuka ya fi ƙarfin hannu, injunan bincike suka karɓe fagen, a ƙarshen 2014 aka rufe jerin. A 1995 masana ɗakunan karatu da na kwamfuta suka taru a garin Dublin na jihar Ohio suka amince da 'yan bayanai kaɗan da ya kamata kowane abu ya ɗauka, waɗanda daga baya suka tsaya a kan 15, cikinsu har da suna, da mawallafi, da maudu'i, da harshe, da kwanan wata, da asalin da aka ciro shi, da dangantakarsa da waninsa. Wanda ya zauna a zaure ya ji mabadi'ai goma, in ya karanta wannan jeri ba zai ji shi baƙo ba. Da jami'ar MIT ta yi shela a 2001 cewa za ta saki kayan darussanta kyauta, da kuma darasi ɗaya na malaman Stanford ya tara masu rajista wajen 160,000 a 2011, dandalin darussa na Coursera da na edX suka biyo baya a 2012, sai mas'alar ta tashi daga littafi ta koma kan darasi, aka ƙara wasu tambayoyi da littafi bai cika buƙata ba: wane mataki ne, na mai farawa ko na wanda ya yi nisa, me ya kamata a sani kafin a shiga, sa'a nawa zai ci, me ɗalibi zai iya in ya gama. A 2011 ɗin ne kuma manyan kamfanonin bincike, Google da Bing da Yahoo, suka haɗu a kan ƙamus ɗaya na siffanta abubuwa don injunansu su fahimta, daga baya aka shigar da siffofin kayan koyarwa a cikinsa.

Babban canjin da ya auku shi ne aikin ya bar hannun ƙwararru ya koma hannun mai kaya. A da ma'aikacin ɗakin karatu ne yake ba littafi lamba, kuma ba shi da riba in an ɗauki wannan an bar wancan. Yanzu wanda ya ɗora darasi shi ne yake cike guraben, shi yake zaɓen rukuni da ƙaramin rukuni, shi yake rubuta alamomi, kuma shi ne mai cin riba in aka danna. Nan jikokin warraƙin Almausili suka bayyana. Tun farkon zamanin injunan bincike masu shafuka suka riƙa cusa kalmomin da aka fi nema a wurin da injin yake karantawa mutum ba ya gani, ko da ba su da alaƙa da abin da yake ciki, har abin ya lalace, a 2009 Google ta fito fili ta ce ba ta duba wannan gurbi wajen jera sakamako. Ha'incin wasu ya jawo an ɗauke amana daga kowa. YouTube ma ta bayyana wa masu ɗora bidiyo cewa taken bidiyo da bayaninsa da hoton fuskarsa sun fi alamomi nauyi, alamomi sun fi amfani ne inda mutane suke saɓawa wajen rubuta kalma, kuma ta haramta sa bayanin yaudara.

Wannan batu na saɓanin rubutu kuwa ya shafe mu fiye da yawancin al'ummai. Littafi ɗaya wani zai rubuta Ahalari, wani Ahlari, wani Akhdari, wani kuma da haruffan Larabci. Wani yana sa ƙugiya a ƙ da ɗ, wani wayarsa ba ta da su. Ga shi kuma Allah ya hore wa masu jin Hausa dukiyar karatu wadda magabata ba su yi mafarkinta ba: tafsirin azumi na shekara da shekaru, karatun Muwaɗɗa da Buhari da Ashafa, darussan nahawu da gado, har da lissafi da kimiyya da ɗinki da gyaran waya, daga Kano da Sakkwato da Damagaram da Yamai da zangon Kumasi. Amma je ka nemi Babin Taimama a karatun Risala na wani malami da ka sani. Za ka tarar da majalisi an sa masa suna "karatu na jiya", wani "kashi na 14" ba a faɗi na wane littafi ba, wani an yanko minti uku daga tsakiyar bayani an ɗora masa take mai tayar da hankali wanda malamin bai faɗa ba, wani kuma, wanda ya fi muni, an liƙa masa sunan shahararren malami da hotonsa alhali muryar ta wani ce. Abin ya zama kamar kasuwar da aka zube hajarta a fili ba layi ba rumfa, mai neman gishiri sai ya tona tulin atamfa. Injin bincike kuwa da rubutu ya fi dogara. Sa'a biyu ta bayani mai zurfi, in ba a rubuta a kanta abin da take ƙunshe da shi ba, a wurinsa daidai take da shiru. Malaman hadisi sun ƙi wanda ya ɓoye shaihinsa ko ya sauya masa suna, suka kira aikinsa tadlisi, suka rage darajar ruwayarsa. Ban ga dalilin da zai sa a sassauta wa wanda ya jingina wa malami abin da bai faɗa ba don neman yawan masu kallo.

Saboda haka kirana ga almajiran da suke riƙe da na'urar ɗaukar karatu a gaban malamansu, da matasan da suke koyar da sana'a ko darussan makaranta da Hausa, shi ne su ɗauki minti biyar na cike gurabe da muhimmancin da suka ba ɗaukar karatun kansa. A rubuta sunan malami na gaskiya, da sunan littafi, da babin da aka karanta, da lambar majalisi, da gari da shekara. A faɗi ko na mai farawa ne ko na wanda ya sauke abin da yake ƙasa da shi. A jera majalisan littafi ɗaya a jeri ɗaya daga buɗewa har saukewa. A wurin alamomi kuma a kawo duk hanyoyin da mutane suke rubuta sunan littafin, na boko da na Larabci. Sassan Hausa da na Larabci da na ilmin ɗakin karatu a jami'o'inmu, na Nijeriya da na Nijar, su ma ya kamata su zauna da malaman zaure su fitar da jeri ɗaya na sunayen fannoni da littattafai wanda kowa zai riƙa komawa gare shi. Kai kuma mai karatu, in kana da rumbun karatun malaminka da ka ɗora shekarun baya ba tare da suna ba, musamman in malamin ya riga mu gidan gaskiya, ka koma ka saurare su ɗaya bayan ɗaya ka rubuta wa kowanne abin da yake ciki, tun kana iya tuna wane majalisi ne ya riga wane.